Yadda kwamfuta ke lissafin ruwan kogin Isa, da wuraren da take zamewa

Duk shekara da watan Agusta ya kama sai ka ga saƙo na ta yawo a WhatsApp, wai kogi ya kai alamar ruwan lemu, wai jibi zai taɓa ja, mutanen Harobanda da Saga da Kirkisoy su shirya. Wasu su ce ai gaibu ne, wa ya san gobe in ba Allah ba, wasu kuma su ɗauka tunda kwamfuta ce ta faɗa to magana ta ƙare. Ni a ganina duka biyun sun yi nisa. Abin lissafi ne, kuma lissafin yana da inda yake da ƙarfi da inda yake ɗingishi, ya kamata mu da ke kwana bakin wanga kogi mu san bambancin.

A nan Yamai akwai ma'auni da anka kafa bakin ruwa, wasu faranti ne na ƙarfe masu zane da lambobi a jere tsaye, mutum ne ke zuwa ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta a littafi. Santimita 530 alamar ɗorawa ce, 580 ruwan lemu, 620 ja. A 2012 ruwa ya kai 618 har ana cewa ba a taɓa gani ba, sai ga Satumban 2020 ya taɓa 700, shingen ƙasa ya fashe, shinkafar bakin kogi ta tafi, gidajen laka sunka narke. Amma wanga kogin dai shi ne ya tsaya cak a Yamai a watan Yunin 1985. To kogin da zai iya yin wannan ya yi wancan, dole a nemi hanyar karanta halinsa.

Cikar kogi biyu gare mu a shekara. Akwai wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta bi ta Bamako ta shiga babbar fadamar nan ta wajen Mopti ta bazu, rana ta sha kaso mai yawa, sauran ya lallaɓo ya iso mu wajen Disamba da Janairu. Wannan ba ta da wuyar hasashe, don tana tafiya a hankali, in ka san abin da ma'aunin Kulikoro da na Dire da na Ansongo sunka nuna to kana da makonni na shiri. Ɗayar ita ce jan ruwa na damina, mai launin jar ƙasa, da ke fitowa daga Sirba da Dargol da Gorwol, rafukan da ke gangarowa daga Burkina da Liptako. Shi wannan kwanaki ƙalilan yake yi ya iso, kuma shi ke mana ɓarna. A da cikar Gini ce babba, yanzu a shekaru da dama jan ruwan ne ke ɗara ta. Don shi ake ta wahalar gina model, wato tsarin lissafi na kwamfuta da ke kwaikwayon tafiyar ruwa.

Ka ɗauki rufin ɗaki da indararo. Duk ɗigon da ya sauka a rufin ta bakin indararon nan zai fita, to haka kowane kori yake da nasa yankin ƙasa da ke zuba masa ruwa, shi kuma ya zuba wa wanda ya fi shi. Sirba kaɗai yankinta ya kusa kilomita murabba'i 39,000, kuma mafi yawansa cikin Burkina yake. In rufin jinka ce za ta fara shanye ruwa kafin ta ɗiga, in kwano ne nan take zai kwararo da ƙarfi. Duk aikin model shi ne ya gano wane ɓangare na ƙasa ne jinka wane ne kwano, da yadda ruwan kowanne ke haɗuwa a hanya.

Abu na farko da ake ba kwamfuta shi ne taswirar tudu da kwari. Mafi yawan masu aikin nan suna ɗaukar wadda kumbon Amurka ya auna daga sama a shekarar 2000, SRTM, kyauta take a intanet, ta yanka duniya gida-gida kowane gida mita 30. Kwamfuta ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya tana duba wane maƙwabci ne ya fi ƙasa, nan ruwa zai nufa, da haka take zana koramu da iyakar kowane yanki. Sai a ɗora mata taswirar irin ƙasa, nan rairayi nan laka nan tsakuwa, a ɗora ta abin da ke bisa ƙasar, gonar hatsi ce ko daji ko gari. Daga nan a zuba mata ruwan sama na kowace rana da zafi da iska. Ita kuma kullum ta yi lissafin shiga da fita: nawa ya sauka, nawa ya nutse, nawa rana da tsirrai sunka sha, nawa ya gudu bisa ƙasa, nawa ya rage a cikinta don gobe.

Bari in ba da misali da lamba don a ga girman abin. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kan mita murabba'i guda. Kori mai yankin kilomita murabba'i 100 in anka yi masa ruwa milimita 30, to mita kub miliyan 3 ne ya sauka, kuma mita kub ɗaya tano biyar ne na lita 200. In kashi 1 cikin 10 ya gudu, mita kub 300,000 ne zai bi ta ƙarƙashin gada. In kashi 3 ne, 900,000. Ruwan sama iri ɗaya, amma a lissafin farko gadar na nan, a na biyu watakila sai dai a nemo injiniya. Wannan kason da ke gudu shi ne zuciyar rigimar duka.

Model ɗin suna da yawa. SWAT na ma'aikatar noma ta Amurka da jami'ar Texas A&M ne, tun farkon shekarun 1990, shi ɗalibanmu sunka fi kamawa don kyauta ne kuma yana lissafin laka da taki. HEC-HMS da HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka ne. GR4J na Faransawa ne, ƙarami, lambobi huɗu kawai ake murɗa masa. HYPE na hukumar yanayi ta Suwidin ne, shi anka yi aiki da shi tare da AGRHYMET, cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi ta Sahel, a shirin FANFAR na gargaɗin ambaliya. A kan Sirba kuma akwai SLAPIS, shi ma tsarin gargaɗin ambaliya, da anka kafa da taimakon Italiyawa. Kuma abin daɗi, manyan gidajen da ke wanga aiki a nan garin suke, AGRHYMET tun 1974, ga ABN, hukumar ƙasashe 9 masu raba kogin, ga ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka. Masana dai ba mu rasa ba.

To ina matsalar take? Ta farko ruwan saman namu ne. Kowa ya san a Yamai ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a Talladje, mutumin Kwara Kano yana shan ƙura. Tun 1990 masu bincike sunka baza ma'aunin ruwan sama kusan ɗari a kewayen Yamai a shirin EPSAT, sunka ga da idonsu cewa ƙauyuka biyu da ke kusa da juna na iya bambanta sosai a damina guda. Yanzu ka tuna yankin Sirba da girmansa, ma'auni nawa ke ciki da ke aiki kullum? Shi ya sa ake cike giɓin da bayanan tauraron ɗan adam, irin su CHIRPS da TAMSAT, waɗanda yawanci sanyin saman gajimare suke dubawa su kimanta ruwan da zai zubar. Suna da amfani ƙwarai a lissafin wata ko na damina, amma a ce hadarin daren Talata milimita kaza ya zuba a kori kaza, nan sai a yi hattara.

Bayan haka ga ƙarfin saukar ruwan. Milimita 40 cikin rabin awa daban, milimita 40 na yayyafi tun safe har la'asar daban. Na farko ƙasa ba ta samun sukunin sha sai ya gudu, na biyu kusan duka zai nutse. Model da ke tafiya kwana-kwana, in ba a gyara shi ba, lamba 40 kawai yake gani. Mu kuwa ruwanmu irin na farkon ne, ya zo da iska da ƙura ya zuba ya wuce.

Amma babbar wadda ta fi ba masana mamaki ita ce ƙasar kanta. Lokacin farin 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu a Sahel, hankali zai ce koramu ma su ragu. Sai aka ga akasin haka, wani Bafaranshe mai suna Jean Albergel ya nuna a 1987 a Burkina cewa ruwan da ke gudu ƙaruwa ya yi. Dalilin kuwa duk manomi ya san shi, fako. Itace ya mutu, an sare saura an kai kasuwa, gonaki sun cinye daji ba a barin ƙasa ta huta, sai ɗigon ruwa ya riƙa dukan ƙasa tsirara har ya yi mata wani ɓawo siriri mai santsi. Je ka fako bayan an ɗauke ruwa ka sa kalme ka ɓantare ɓawon nan, kaurinsa bai wuce ɗan milimita ba, ƙasan da ke ƙarƙashi a bushe ƙamas, ruwan duk ya tafi kwari. Ɗan ɓawon nan da tauraron ɗan adam ba ya iya aunawa kai tsaye shi ke yanke hukuncin kashi 1 ne ko kashi 3. Kenan in ka saita model da bayanan 1960 ka ce ya faɗa maka na bana, zai ba ka amsar wata ƙasa da babu ita yanzu.

Wani abin dariya kuma, a gabashin Yamai wajen Fakara ruwan rijiya tashi ya yi, kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007 kamar yadda Guillaume Favreau da Christian Leduc da abokan aikinsu sunka auna. Can koramu ba sa kaiwa kogi, a tabki suke ƙarewa, ruwan da fako ya koro ya taru a tabkin ya nutse ta gindinsa. Kuma a nan ne ake yawan yin wani kuskure da ba a cika faɗa ba. Manhajar da ke zana koramu tana da wani mataki da take cike duk wani rami da ta gani a taswira, don tana ɗaukarsa kuskuren awo ne, an ƙera ta ne da tunanin kowane ruwa dole ya kai teku. Mu kuma ramukan nan tabkunanmu ne na gaske. Ɗalibi ya latsa maɓalli bai lura ba, kwamfuta ta shafe tabkuna ta tura ruwansu kogi. Sannan abin bai ma tsaya wuri ɗaya ba, akwai korin da a da yake mutuwa a tabki, yanzu ya yi ƙarfi ya fasa ya buɗe hanya har kogi, yankin da ke zuba wa kogin ruwa ya ƙaru ba wanda ya sabunta taswira.

Mu 'yan jihar Tawa mun ga ɗaya fuskar. A Keita tun 1984 da aikin nan na Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, anka yi ta jera duwatsu da haƙa ramuka a kan tsauni da dasa itace da datse koramu, mata ne ma sunka fi ɗaukar nauyin aikin. Can ana ƙoƙarin mayar da fako ƙasa mai sha ne, kuma model da bai san an yi wannan ba shi ma zai yi ƙarya, sai dai ta ɗaya gefen. A nan ne ni nake ganin amfanin kwamfuta ya fi fitowa fili, fiye ma da hasashen ambaliya. Kuɗin gyaran ƙasa ba ya isa ko'ina, to a korin Maggiya misali, wane ƙaramin kori ne ya fi turo laka da ke cike baraj ɗin Mozage da Zango masu shayar da gandun noman Ƙonni? In an haƙa ramukan rabin-wata masu tare ruwa a wannan tudun ko a wancan, wanne zai fi rage ta? Model na iya gwada goma a yini guda ba tare da an ɗaga dutse ko ɗaya ba. Ko lambarsa ba daidai take ba, jerin wanne ya fi wanne yakan fi zama abin dogaro. Kuma Maggiya ruwa ce da muke rabawa da Najeriya, tana cikin yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, duk lokacin da za a zauna maganar rabo gara a zo da lissafi a hannu.

Yanzu batun saitawa, wanda nan ne ake cin amana ko a riƙe ta. Bayan an gina model sai a ba shi ruwan saman shekarun baya a kwatanta abin da ya fitar da abin da anka auna a tasha, misali ta Garbey Kuru a kan Sirba. In bai dace ba a murɗa lambobi, a ƙara shan ƙasa a rage gudun ruwa, har zane biyu su hau kan juna. Sannan a gwada shi da wasu shekaru da bai taɓa gani ba, wannan ita ce jarabawar gaskiya. Matsalar ita ce SWAT na da lambobin murɗawa rututu, kuma kana iya samun zane mai kyau ta hanyoyi da dama da sunka saɓa wa juna, wani ya ce rana ce ta sha ruwan wani ya ce ƙasa ce, dukansu zanensu ya hau. Ranar da anka yi ruwan da ba a saba ba sai asiri ya tonu. Don haka in mutum ya nuna maka taswira mai launi a ɗakin taro na otal, tambaye shi da shekarun da ya saita da shekarun da ya gwada, in ya fara kame-kame ka san inda aka kwana.

Kai, ko abin da muke kira awo ma akwai lissafi a ciki. Mai karanta ma'auni tsawon ruwa yake gani, ba yawansa ba. Ana juya santimita zuwa mita kub a daƙiƙa ne da wani jadawali da anka gina ta hanyar shiga jirgi a auna gudun ruwa a lokuta daban-daban. To rairayin da koramu ke zubawa kullum yana canza gindin kogi, dubi tsibiran da ke fitowa kusa da gadar Kennedy da rani. Gindi in ya tashi, ruwa ɗaya zai nuna tsawo mafi yawa, sai an sake auna jadawalin. Haka shi ma HEC-RAS da ke faɗin wace unguwa ruwa zai shiga, sai an ba shi zurfin kogi na yanzu da tsawon shinge na gaske, har da wurin da ya zaizaye ko anka yanke shi don a sa tiyo.

Ingancin ruwa kuwa ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, don an ɗora shi ne bisa lissafin farko, in yawan ruwa ya karkace to na dattin da ke ciki ya karkace sau biyu. Laka ce babba. Dabarar da SWAT ke lissafa zaizaya da ita ta samo asali ne daga ƙananan filayen gwaji na Amurka, ta iya ƙasar da ruwa ke kankarewa a fuskar gona, amma mu rabin masifarmu gefen kori ne ke rubzawa gaba ɗaya, ga rairayin da iska ta tara da rani yana jiran ruwan fari ya kwashe. Lakar nan ita ke isa Gudel inda ake tace ruwan pampo, kwanakin jan ruwa sai an ƙara maganin kwantar da ita, aiki ya yi nauyi.

Sai dattin gari. Wanda ke fitowa ta baki guda, kamar abin da korin Gunti Yena ke kwasowa daga tsakiyar gari ya juye a kogi, yana da sauƙin sakawa a model in an auna shi. Wanda ke fitowa ta ko'ina shi ne aiki, takin zamani da maganin ƙwari na garake da gandun shinkafa, kashin dabbobi, bola da ruwan farko ke wankewa. Ga kuma masu haƙar zinariya a Liptako da gefen Sirba da ke aiki da sinadarai masu guba, merkur da siyanir, wanda ba mai rubuta kilo nawa ya shiga rami balle a ba kwamfuta. Lokaci ma yana da tasiri, a Mayu da Yuni da kogi ke ja baya datti ɗaya ne amma ruwan da zai sirka shi kaɗan ne, shi ya sa model na inganci dole ya iya ƙarancin ruwa kamar yadda ya iya yawansa, kuma wanda anka saita don ambaliya sau da yawa bai iya rani ba.

Awon ma da tsada. Tsawon ruwa mutum ɗaya da biro ya isa, amma inganci sai kwalba da ƙanƙara da mota da labo. Kuma mafi yawan lakar shekara tana wucewa ne cikin 'yan awoyi na manyan ruwaye, sau da yawa cikin dare, shi kuwa mai ɗibar samfur sau ɗaya yake zuwa a wata da hantsi, ruwa ya riga ya kwanta. Ka saita model da irin wannan sai ya ce maka kogi lafiya lau. Ƙari a kan haka, yankunan da jan ruwa ke fitowa su ne na iyakoki uku, na Nijar da Burkina da Mali, da tsaro ya taɓarɓare, zuwa gyara tasha a can ba wasa ba ne. Da ni ke raba kuɗin, kafin a sayi sabuwar kwamfuta ko a shirya wani atilye, sai an biya masu karanta ma'auni na ƙauye haƙƙinsu a kan lokaci an sa musu kiredi a waya, don shekara ɗaya da littafinsu ya yi giɓi babu wata manhaja da za ta dawo da ita.

Akwai kuma wani abu da lissafin nan ke nunawa wanda mutane ba sa son ji, game da baraj ɗin Kandaji da ke wajen kilomita 180 sama da Yamai. An tsara shi ya riƙe ruwa ya saki aƙalla mita kub 120 a daƙiƙa lokacin rani, wannan zai taimaki pampo da noma da sirka datti, irin abin 1985 ba zai maimaitu da sauƙi ba. Amma Sirba da Dargol a ƙasan baraj ɗin suke shiga kogi, tsakaninsa da mu. Ko an gama shi gobe, ruwan da anka yi a gabashin Burkina ranar Litinin zai biyo Garbey Kuru ya iso Yamai bai ga Kandaji da ido ba, abin da masu baraj za su iya kawai shi ne su rage nasu sakin in an gaya musu da wuri, kuma gaya musu da wurin nan sai da tasha mai aiki a kan Sirba.